Idan kansa ta toshe hanji: me sitent yake yi, kuma wa yake yi wa amfani?

Akwai wani dattijo da aka kawo mana wajen ƙarfe goma na dare, har yau ban manta da shi ba. Cikinsa ya kumbura ya yi tam kamar ganga, in ka ɗan ƙwanƙwasa da yatsa har ƙara yake. Kwana biyar bai yi bayan gida ba, kwana biyun ƙarshe ko tusa babu, ga amai. Kafin su zo an ba shi jiƙe-jiƙe kala-kala da maganin basir, don dama ya fi shekara yana ganin jini a bayan gidansa kowa yana ce masa ai basir ne. Da aka yi hoto sai ga ƙari a babban hanji ta gefen hagu, ya shaƙe hanyar gaba ɗaya. Likita ya ja babban ɗansa gefe ya ce a daren nan za a shiga tiyata, kuma da wuya Baba ya fito ba tare da an fito masa da hanji ta ciki an sa leda ba. Ɗan ya yi shiru, can ya juyo wajena ya ce "Sista dan Allah babu wata hanya? Baba fa shi ke jan mu sallah a unguwa." Na ce masa babu, kuma gaskiya na faɗa, a inda muke a wannan daren babu. Amma a wasu wuraren akwai wata hanya da ake gwadawa, wato sa sitent, ɗan bututun da ke buɗe hanjin da ya toshe, ita nake so mu yi magana a kai, da amfaninta da kuma inda take cutarwa.

Babban hanji tsawonsa ya kai kamar mita ɗaya da rabi, yana tashi daga ƙasan ciki ta dama ya hau sama ya gitta ya gangaro ta hagu har dubura. Ɓangaren dama yana da faɗi kuma abin da ke cikinsa ruwa-ruwa ne, shi kuwa na hagu matsattse ne, kuma kafin kashi ya iso can ya riga ya yi tauri. Kansar gefen hagu kuma tana da wani hali, zagaye hanjin take yi kamar an sa masa zobe tana ta matsewa a hankali. Shi ya sa yawancin toshewar da kansa ke jawowa a hagu take faruwa. In hanya ta rufe, iska da kashi sai su yi ta taruwa a baya, hanji ya yi ta buɗewa bangonsa yana sirancewa, mutum yana ƙonewa da rashin ruwa, ƙoda ta fara gajiya, in aka daɗe a haka hanjin ya fashe kashi ya zube a cikin ciki, daga nan kuma sai dai wani ikon Allah. Kansar babban hanji da dubura ita ce ta uku a yawa a duniya, ana samun sabbin masu ita kusan miliyan 1.9 a shekara, kuma wajen mutum ɗaya cikin goma na masu ita da toshewar nan suke fara zuwa asibiti, ba su ma san suna da ita ba.

Abin da aka saba yi tun da shi ne tiyatar gaggawa. Wani likitan Faransa mai suna Henri Hartmann ya bayyana salon aikin a 1921 kuma har gobe da sunansa ake kiransa: a yanke wurin da ƙarin yake, a rufe guntun ƙasa, a fito da bakin na sama ta fatar ciki, bayan gida ya riƙa zuba a leda. Dalilin da ya sa likitoci ba sa son haɗa hanjin nan take shi ne ɗinki a jikin hanji mai kumburi cike da ƙazanta yana iya warwarewa, kuma warwarewar na kisa. Ana cewa ledar ta ɗan lokaci ce, bayan wasu watanni za a koma a haɗa, amma da yawa ba a taɓa haɗawa, ko dai jiki ba ƙarfin aiki na biyu ko kansar ta ci gaba ko kuɗi sun ƙare. Sannan tiyatar da aka yi wa mutumin da ya galabaita cikin dare, haɗarinta ya ninka na wadda aka shirya mata da rana tsaka sau da yawa.

To shi sitent wani ɗan bututu ne na raga, saƙar siraran wayoyi, in ka gan shi a buɗe kamar ƙaramin kwando dogo mai baki biyu. Yawanci da wani ƙarfe ake yin sa da ake kira nitinol, haɗin nikel da titaniyom, wanda aka gano a wani ɗakin binciken sojan ruwa na Amurka wajen farkon shekarun 1960. Abin mamakin ƙarfen shi ne yana tuna siffarsa, ko ka matse shi ya koma siriri, kana saki zai koma yadda aka ƙera shi. Sai a matse sitent ɗin a cikin wata siririyar roba, a shiga da kyamara ta dubura har a isa bakin ƙarin, a lallaɓa a zura wata waya mai laushi ta ɗan ramin da ya rage ana kallo a na'urar eksire, in waya ta wuce sai a bi ta kanta da robar, a saita ta yadda sitent zai zarce ƙarin da kamar santimita biyu ta kowane gefe, sai a janye marfin. Shi da kansa zai fara buɗewa yana tura ƙarin gefe, kuma yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya gama buɗewa, faɗinsa ya kai santimita biyu da ɗoriya. Ba a yanka ciki, sau da yawa ma ba a buƙatar cikakkiyar allurar barci. In an dace tun a kan gadon iska da kashi za su fara fita, cikin da ya yi tam ya fara saɓewa, washegari mutum ya fara kurɓar ruwa.

Ba sabon abu ba ne. Wani likita Dohmoto ne ya fara ba da rahoton sa shi a 1991 ga mai kansar dubura da ba za a iya yi wa aiki ba, sai a 1994 Tejero da abokan aikinsa a Sifen suka kawo dabarar a sa shi na ɗan lokaci kafin tiyata. Waɗannan hanyoyi biyun su ne har yanzu ake kai, kuma bai kamata a cakuɗa su ba don hukuncinsu daban.

Ta farko ita ce ga wanda kansa ta riga ta yaɗu, ta je hanta ko huhu, likitoci sun san yanke ƙarin ba zai warkar da shi ba. A nan ni dai ba ni da shakka, sitent rahama ne. Mutumin da wataƙila 'yan watanni suka rage masa, a ce ya kwashe makonni daga ciki yana jinyar yanka a gadon asibiti yana koyon canza leda, alhali ana iya buɗe masa hanya ya koma gida cikin 'yan kwanaki ya ci tuwonsa mai laushi cikin jikokinsa ya shiga banɗaki kamar kowa, ai bambancin a fili yake. Kuma in za a yi masa kimo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, yana iya farawa da wuri tunda babu ciwon da za a jira ya warke. Ƙungiyar likitocin kyamarar ciki ta Turai a ƙa'idojinta na 2020 sitent ta fifita a irin wannan hali. Sai dai a sani, sitent bai taɓa kansar da komai ba, tana nan tana girma. Na sha ganin dangi sun ɗauka tunda mara lafiya ya yi bayan gida ciki ya sauka ai an rabu da cuta, ko da wace hanya aka bi, sai su daina zuwa asibiti. Hanya kawai aka buɗe.

Ta biyun ce mai rigima, wato wanda kansarsa ba ta yaɗu ba kuma ana sa ran in an yanke zai warke. Tunanin mai kyau ne: a sa sitent yau a fitar da shi daga haɗari, a ƙara masa ruwa, a gyara jininsa, ya ci abinci ya yi ƙarfi, hanji ya sace, a yi hotuna a tsanake a ga iya inda cutar ta kai, bayan kamar mako biyu sai ƙwararren likitan hanji ya shiga da rana ya cire ƙarin tare da sitent ɗin a haɗe ya ɗinke hanji, babu leda. A takarda ba abin da ya fi wannan. Amma da aka zo gwadawa a zahiri abin bai zo da sauƙi ba. A Holan an yi gwaji biyu, na farkon a kan masu kansar da ta yaɗu ne kuma bayan mutum 21 kacal aka tsayar da shi saboda hanji yana ta hujewa, na biyun da aka buga a 2011 mai mutum 98 shi ma ba a kai ƙarshe ba don matsaloli sun yi yawa a ɓangaren sitent. A Faransa ma a 2011 an tsayar da wani, a can fiye da rabin waɗanda aka so sa wa sitent ɗin ma bai shigu ba. Wannan ya tsorata mutane sosai, har ƙa'idojin Turai na 2014 suka ce kada a mai da shi abin yi na yau da kullum ga wanda ake sa ran warkewarsa.

Tsoron kuma ya wuce hujewar da ake gani da ido. Ka tuna abu ne ake dannawa da ƙarfi a tsakiyar ƙari, to in ya ɗan tsage bangon hanji ko da mara lafiya bai ji komai ba, ƙwayoyin kansa za su iya zubewa cikin ciki ko su shiga jini, kaga mutumin da zai iya warkewa an mai da shi wanda cutar za ta dawo masa. An samu irin wannan ɓoyayyiyar hujewar a jikin hanjin da aka cire aka duba, kuma waɗanda hanjinsu ya huje sun fi fuskantar dawowar cutar. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, guje wa leda bai kai a sayar da warkewa a kansa ba.

Daga baya manyan gwaje-gwaje suka ɗan kwantar da hankali. Wanda aka yi a Birtaniya mai suna CReST, mutum 245 a asibitoci 39, an buga sakamakonsa a 2022, ya nuna cikin waɗanda ake sa ran warkewarsu kusan 48 cikin 100 na ɓangaren sitent ne suka ƙare da leda, a ɓangaren tiyatar gaggawa kuwa kusan 68 cikin 100, kuma ba a ga bambanci a mace-macen bayan aiki ko dawowar kansa cikin shekara uku ba. Wani da aka yi a Italiya da Sifen shi ma bai ga bambanci a tsawon rai ba. Tun a 2020 ma, kafin a buga sakamakon CReST, Turawan suka sassauta, suka ce a zauna da mara lafiya a tattauna sitent a matsayin zaɓi, da sharaɗin akwai ƙwararren da ya iya. Ku lura da lambar nan fa, 48 cikin 100, wato ko da sitent kusan rabi sai da aka sa musu leda. Don haka duk wanda ya ce maka sitent yana nufin ba leda tabbas, bai faɗa maka gaskiya duka ba.

Abin da na fahimta daga duk wannan kai-komon shi ne sirrin yana hannun mai sawa. Gwaje-gwajen farko an yi su a asibitoci da yawa da ba su saba da aikin ba. Zura waya ta cikin ramin da wani lokaci ko ganinsa ba a yi sosai, a cikin hanjin da ya kumbura ya zama kamar jiƙaƙƙiyar takarda, ba tare da an cika hura iska ba, wannan aikin wanda ya yi ya maimaita ne. An kuma koyi darussa a hanya, misali an daina buɗa wurin da balan-balan kafin ko bayan sa sitent don yana ƙara hujewa, kuma ba a ba mai toshewa maganin wankin ciki na sha, sai dai a wanke ƙasan ta dubura kawai.

Ko ya shiga lafiya ma yana da nasa halin. Yana iya zamewa daga wurinsa, musamman in kimo ta sa ƙarin ya ragu, wani har ya fito da shi a bayan gida. Yana iya sake toshewa, ko dai kansa ta tsiro ta cikin idanun ragar ko ta hau ta bakinsa ko busasshen kashi ya cushe shi. An yi masu rufin leda a jiki don hana tsirowar sai aka ga su kuma sun fi saurin zamewa, shi ya sa a babban hanji aka fi amfani da marasa rufi. In ya toshe sau da yawa ana iya sa wani a cikin na farko. Mai sitent dole bayan gidansa ya zauna da laushi, ruwa da yawa, maganin tausasa ciki in likita ya rubuta, a tauna abinci sosai, a yi hattara da abubuwa masu zare da ɓawo kamar zogale da rama da ba su dahu lugub ba, dafaffiyar masara, aya, gyaɗa, ganda da kilishi. Akwai kuma wani maganin kansa mai suna bevacizumab da ke hana ƙari yin sabbin jijiyoyin jini, haɗa shi da sitent yana ƙara haɗarin hujewa, dole likitan kansa da mai sa sitent su san abin da kowa ke yi. Kuma duk mai sitent da ya ji ciwon ciki mai tsanani farat ɗaya ko zazzaɓi, asibiti kai tsaye, ba a jira gari ya waye.

Akwai waɗanda sam bai dace da su ba. Wanda hanjinsa ya riga ya huje ko ya fara ruɓewa tiyata kawai. Wanda kansa ta watsu a cikin ciki kamar an yi yayyafi, irin yadda kansar ƙwan mace ke yi, hanji ya maƙale a wuri uku huɗu, buɗe wuri ɗaya ba zai yi wani tasiri ba, a nan an fi dogara da robar hanci ko ta ciki mai zuƙe ruwa da magungunan rage amai da ciwo. Ba a kuma sa shi don rigakafi ga wanda hanyarsa ba ta toshe ba. A can sama kuwa, inda kansar tumbi ko ta fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ke toshe mafitar tumbi, ana sa irinsa ta baki kuma mutum yana saurin komawa cin abinci, sai dai wani gwaji a Holan ya nuna in ana sa ran mutum zai wuce wata biyu tiyatar kewaye wurin ta fi ɗorewa.

Sai wanda ya fi shafarmu. In ƙarin yana ƙasa sosai, kamar santimita biyar daga bakin dubura, sitent azaba yake zama, ciwo da jin bayan gida kullum ba ƙaƙƙautawa, wani ma ya kasa riƙewa. To a Najeriya kaso mai yawa na masu wannan kansar a dubura take kama su, kuma suna zuwa da ƙarancin shekaru fiye da na Turai, yawanci cutar ta riga ta yi nisa. Kaga ko da sitent ya cika kowane asibiti, da yawa daga cikin namu ba za su amfana ba. Sannan kuma ba kowace toshewar hanji ba ce kansa, a wajenmu ƙaba da ta maƙale da murɗewar hanji da mannewar hanji bayan tsohon aiki duk suna nan da yawa, kuma sitent ba shi da aiki a cikinsu, shi ya sa sai an yi hoton siti sikan an tabbatar kafin a fara zancensa. Ga tsada, daga waje ake shigo da shi da dala kuma sau ɗaya ake amfani da shi, sannan yana buƙatar kyamara da eksire mai motsi da wuta tsayayya da likitan tiyata a kusa ko da hanji zai huje. Duk da haka ina ganin ya kamata manyan asibitocin koyarwa na Arewa, ko da biyu ne ko uku, a tara ƙwarewar a wuri ɗaya a riƙa turo musu marasa lafiya, ya fi a ce kowa ya sa ɗaya a shekara hannu bai faɗa ba. Musamman saboda masu kansar da ta yaɗu, su ne suka fi yawa a wajenmu kuma su ne sitent ya fi yi wa rana.

Ina kuma so in yi magana a kan ledar nan, don tsoronta yana kashe mutane. Na ga waɗanda suka sa hannu suka ɗauke mara lafiyarsu daga asibiti don kawai an ambaci leda, suka koma gida da toshewa, kuma mun san ƙarshen wannan. Leda tana da wahala ba zan ɓoye ba, samunta da kuɗinta da ƙaiƙayin fata lokacin zafi, ga kunya, ga tunanin tsarki. Amma mutane suna rayuwa da ita shekaru, suna kasuwa suna noma suna zuwa Hajji, kuma malamai sun yi bayanin hukuncin mai lalurar da ba ya iya riƙe abin da ke fita daga jikinsa, akwai sauƙi a ciki, mutum ya tambayi malaminsa. In likita ya ce sitent ba zai yiwu ba ko babu shi, to a karɓi aikin. In kuwa akwai shi, a tambaya: manufar warkarwa ce ko sauƙaƙawa, sau nawa mai sawar ya taɓa yi, in bai shigu ba mene ne shiri na gaba, kuma yaushe za a yi babban aikin.

Dattijon nan an yi masa aiki a daren, ya fito da leda a gefen hagu. Kwana uku bai yarda ya kalli wurin ba, in na zo canzawa sai ya juya fuska bango yana salati. A rana ta huɗu ya ce min "'yata, nuna min yadda ake yi, ba zan bar yaran nan su riƙa yi min ba." Na nuna masa yadda ake auna bakin a yanka ledar daidai, a wanke fata da ruwan ɗumi a bari ta bushe sosai kafin a manna, a danna da tafin hannu na ɗan lokaci don gam ɗin ya kama. Hannunsa yana rawa ya yi na farko ya karkace, muka cire ya sake. Ƙarinsa irin wanda sitent zai iya wucewa ne, a gefen hagu can sama da dubura kuma hanjin bai huje ba, na tambayi likitan daga baya ya ce min haka ne, da akwai da an gwada. Ranar da aka sallame shi ɗan ya dawo daga kemis na huɗu da leda guda shida kacal, ya ce iya abin da ya samu a garin ke nan, sauran sai an aiko daga Kano.